Farantin Da Ba A Kankare Ba

Ranar da Maniru ya fara ganin Atika, wata tsohuwa ce take korarsa daga ƙofar gidanta a Horo Birni, ta ɗaga muciya sama.

"Tahi ka ba mu wuri! Ba mu saida kwanonin aurenmu, ko yunwa za ta kashe mu!"

Ya ja kekensa baya da sauri yana ba ta haƙuri, sai buhun da ya ɗaure a baya ya kwance, kaya suka watse a ƙasa. Ga kofuna, ga farantai, ga mafici da wata tsohuwar kalanda da hayaƙi ya dafa.

A daidai lokacin Atika ta taso daga makarantar firamare inda take koyarwa, hannunta duk alli. Ta sunkuya tana taya shi tsincewa. Da ta ɗauki faranti na farko ta yi murmushi, don ta gane zanen da ke jiki. Mutanen Gangare ne, wasan kwaikwayon da gidan rediyo ya yi shekaru yana sakawa duk ranar Alhamis bayan la'asar. Idan lokacinsa ya yi, manomi kan ajiye fartanya, mai daka ta jingine taɓarya. Don farin jininsa har aka riƙa buga fuskokin 'yan wasan a jikin kayan gida ana raba wa masu sauraro. Da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, aka wayi gari an daina shi.

Ta duba faranti na biyu, ta duba kofunan, sai ta fashe da dariya.

"Duk an kankare fuskar Sodangi Mai Awo! Ya yi mini daidai, mugun mutum. Ni da ina ƙarama har yawu na taɓa tofa wa rediyonmu saboda shi."

Maniru ya karɓi farantin, ya share ƙasar da ke jikinsa da gefen riga.

"Mahaifina ne," ya ce.

Atika ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta rufe baki da gefen mayafi.

"Don Allah ka yafe mini, Malam. Ban sani ba."

"Babu komai, Malama. Da yana da rai da ya fi kowa jin daɗin maganarki."

Suka koma inuwar wata bishiyar bedi ya ba ta labari. Sunansa Maniru, gyaran rediyo yake yi a kasuwar Bodinga. Mahaifinsa Malam Ummaru shi ne yake fitowa a Sodangi, attajirin da ke saye gero da arha lokacin kaka, ya ɓoye, ya tsawwala wa talakawa da damina. Ya rasu bara waccan, bai bar hoto ko ɗaya ba. Kayan da aka ba shi na wasan kuwa duk ya rabar tun yana raye. Da Maniru ya je gidan rediyo neman muryarsa, aka ce masa an naɗi wasu shirye-shirye a kan faya-fayan, saboda babu sababbi.

"Innata ce ta ce tana son ta ƙara ganin fuskarsa," in ji shi. "Shi ya sa duk ranar da ba kasuwa nake hawa keke. Na zaga Dingyadi, na zaga Shagari. Duk wanda na samu, sai in tarar mata sun sa wuƙa sun cire masa fuska."

Atika ta kalli ɗan tabon da ke tsakiyar farantin.

"Innata tana da irinsa babba," ta ce a hankali. "Yana can ƙololuwar jerenta, hannu bai kai wa gare shi. Ka dawo Juma'a."

Ya dawo Juma'a. Inna Maimuna, mahaifiyar Atika, mace ce mai sanyin zuciya, da ta ji labarin ita da kanta ta taka turmi ta sauko da shi. Farantin yana nan da ƙyallinsa, sai ɗan tsatsa a baki da jan zaren da ta ɗaura na ratayewa. A tsakiya ga Sodangi da ƙatuwar hula, ya riƙe tiya, ya ɗaure fuska.

Maniru ya daɗe yana kallonsa a zaure. Bai san hawaye sun zubo ba sai da Atika ta kawar da kai don kada ya ji kunya.

"Aro na," in ji Inna daga bayan labule. "Ka kai ma uwarka ta gani har ranta shi yi sanyi, in ta ƙoshi ka maido."

Daga ranar hanyar Horo Birni ta zama gajera a wurin Maniru. Yau ya zo godiya, gobe ya zo duba rediyon makaranta wadda lafiyarta ƙalau. Ya gyara ta Malam Haliru, mahaifin Atika, ya ƙi karɓar komai. Atika ta sa masa suna Mai Rediyo, shi kuma yana kiranta Malamata.

Wata Asabar Atika tana tankaɗe, mai gabatar da filin gaishe-gaishe a rediyo ya ɗauko wani kati ya karanta:

"Daga Maniru Mai Rediyo, bakin kasuwa Bodinga, zuwa ga wata malama a Horo Birni. Ya ce a gaya mata tunda ta taya shi tsince kaya, akwai abu guda nasa da ta tafi da shi ba ta mayar ba. Ya ce ta riƙe, ya bar mata."

Rariya ta kusa suɓuce mata. Inna ta kalle ta, ta ci gaba da tsintar wake kamar ba ta ji ba.

Mako na zagayowa nata katin ya fita:

"Daga malamar Horo Birni zuwa ga Mai Rediyo. Ta ce abin yana wurinta cikin amana. Ta ce shi ma ya duba buhunsa da kyau, akwai wanda ba nasa ba."

Da ya zo zance suka zauna a dakalin ƙofar gida, kowa ya kasa kallon ɗan'uwansa.

"Na duba buhun," ya ce.

"Me ka gani?"

"Abin da ya fi ƙarfin keke. Malamata, ina son in turo manya."

"Wa ya riƙe ka?" ta ce, tana wasa da bakin mayafi.

Sai dai ba shi kaɗai ke zuwa ƙofar gidan ba. Akwai Malami, ɗan aminin Malam Haliru, wanda siyasar shekarar ta buɗe wa ido. Yana da sabon babur, yana raba shinkafa da atamfa a madadin wani ɗan takara, kuma ya daɗe da sa rai a kan Atika duk da ta sha gaya masa ya yi haƙuri. Shi ya tari Malam Haliru bayan sallar Juma'a ya tambaye shi ko ya san ɗan wane ne yaron nan mai keke.

Malam Haliru ya shigo gida ko takalmi bai cire ba.

"Atika! Ashe yaron ga ɗan Sodangi na?"

"Baba, sunan mahaifinsa Malam Ummaru. Sodangi a wasa ne kawai."

"Wane irin wasa? Ni da kunnena nij ji shi yak kori Tani da marayunta kan tiya guda ta hatsi! Mutum ba ya iya muryar mugunta hakanan in babu ita cikin jininai. Kuma ga ɗan nan shina bin gidaje shina saye kwanonin mata don ya ga ana cikin matsi. Barewa ta yi gudu ɗanta shi yi rarrafe? Ba da ɗiyata ba."

Inna ta yi ƙoƙarin sa baki, ya ɗaga mata hannu. Aka aika wa Maniru kada ya ƙara zuwa.

Daminar ta zo da gardama. Ruwa ya sauka a makare, ya ɗauke gero yana ɗaukar ciki. Gonaki suka yi ja, masu shanu suka fara sayar da maraƙa da arha. Gidaje da yawa a Horo Birni sun koma cin tuwo sau ɗaya, amma gidan Malam Haliru da sauƙi, don rumbunsa biyu cike suke da geron bara. Kullum da hantsi Inna tana auna wa maƙwabta a ɓoye.

Atika ta rame, ba don yunwa ba. Ta bi umarnin mahaifinta, ba ta aika kati ba, sai dai duk Asabar tana kusa da rediyo. Nasa bai fasa zuwa ba, gajere kullum:

"Daga Mai Rediyo zuwa Horo Birni. Ya ce yana gaida Baba da Inna, yana gaida mai haƙuri. Ya ce Allah na tare da mu."

Rannan aka kira malamai taro a Bodinga. Tana fitowa daga taron sai ga Malami a kan babur.

"Ke kina can kina ramewa, shi yana nan yana kasuwanci da ku. Turawa yake kai wa kayan nan a Sakkwato. In kina musu, leƙa rumfar Ɗanjummai mai kwanoni."

Ba ta so zuwa ba, ƙafarta ce ta kai ta. A cikin rumfar, tsakanin langa da tukwanen sayarwa, ga farantin Inna a jingine, da jan zarensa. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta wuce ta gaban shagon Maniru, ya taso da fara'a yana kiran "Malamata!", ta ɗauke kai ta shiga mota.

Da yamma ta ba ƙawarta Binta 'yar takarda ta kai masa:

"Na ga farantin Inna a kasuwa. Amana aka ba ka. Na yi musu da mahaifina saboda kai, yau na ji kunya. Kada ka ƙara aiko da gaisuwa."

Kukan da ta yi ne ya tona zancen. Malam Haliru ya ji, ya ce ai ya faɗa. Washegari da sassafe ya ɗauki sandarsa ya hau motar Bodinga, ya rantse ba zai dawo ba sai da farantin matarsa.

Kai tsaye rumfar Ɗanjummai ya nufa, ya nuna farantin da sanda.

"Nawa ɓarawon ga yas saida maka shi?"

Ɗanjummai ya ajiye gudumarsa.

"Subhanallahi, Baba. Wanga ba na saidawa ba na. Maniru yak kawo shi in kashe tsatsar bakin, in sa mai maratayi na ƙarfe. Cewa yay yi na surukarshi na, ba ya maida shi da aibi. Kullum sai ya leƙo ya ga ko na gama."

Malam Haliru ya sauke sandar. Ya ce a nuna masa gidan su yaron.

Ya zaci zai ga gidan bene irin na masu awo. Abin da ya tarar ginin ƙasa ne mai ɗaki uku, katangar ta zube ta gefe guda an tare da zana. Inna Laraba, mahaifiyar Maniru, ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa. Da ya faɗi sunansa ta rusuna har ƙasa.

"Ashe ku na masu farantin. Malam, ban san da bakin da zan gode muku ba. Kwana nawa ina aje shi gabana ina hira da shi kamar mahaukaciya."

Ta buɗe masa ɗakin marigayin. Maniru ya kafa katakai a bango ya jera komai: kofuna, farantai, mafitai, ɗankwali mai zanen Tani, kalandu na shekaru daban-daban. Ko ɗaya ba a sayar ba. Da yawa ma ba saye ya yi ba, in ji ta, gyaran rediyo yake yi wa mai gida a ba shi kofi a madadin lada.

"To shi maigidan naki," Malam Haliru ya yi gyaran murya, "mi yas sa shi wannan mugun hali cikin rediyo?"

Inna Laraba ta yi dariya har da share ido.

"Kowa ya ƙi ɗaukar Sodangi, shi yac ce a ba shi. Malam, mutumin da ko rumbu bai taɓa mallaka ba! In an biya su, kahin ya iso gida rabi ya tahi ga mabuƙata. Akwai randa yara sunka jehe shi cikin kasuwa, ya shigo da jini ga goshi shina murna. Nic ce mi ab abin murna? Yac ce, Laraba, in dai sun tsani Sodangi haka, to bana ba su kai mishi geronsu."

Malam Haliru ya zauna a bakin ƙofa. Ya tuna shekarar da ya ɗaure damman geronsa zai kai wa 'yan awo tun kaka, sai ya ji Sodangi a rediyo yana dariyar wawayen manoma masu sayar da abincinsu su sayi keke. Haushi ya sa ya kwance jakin ya mayar da geron rumbu. Tun daga lokacin bai ƙara sayar da hatsi da kaka ba. Rumbunan nan biyu da suke riƙe da gidansa da na maƙwabta a wannan baƙar shekara, daga nan suka samo asali.

"Innalillahi," ya ce a hankali. "Shekara nawa ina zagin bawan Allah, ashe tuwonai ni ka ci."

Yana cikin haka Maniru ya shigo, idonsa ja alamar bai yi barci ba, takardar Atika tana aljihunsa. Ya durƙusa ya gaida shi.

"Tashi, ɗana," in ji Malam Haliru. "Kai ni kabarin mahaihinka in yi mai addu'a. In mun dawo ka hwaɗa ma baffanninka ina jiransu."

Da la'asar ya iso Horo Birni da farantin a hammata, bakinsa ya sha gyara yana sheƙi. Ya miƙa wa Inna, ya kira Atika ya gaya mata duk abin da ya gani, bai rage ba, har da nasa kuskuren.

Ranar da Maniru ya dawo zance, ta daɗe a zaure kafin ta iya fitowa.

"Mai Rediyo, na zalunce ka. Ko tambaya ban yi ba."

"Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba. Takardar nan na karanta ta har ta yage."

"Ka yafe mini?"

"Tun kafin Binta ta juya baya. Amma akwai tara."

Ta ɗago da sauri. "Ta me?"

"Duk randa aka ƙara kawo miki zancena, ni za ki fara tambaya."

"Na ɗauka, har abada," ta ce, tana dariya tana share hawaye.

Malami bai ƙara taka unguwar ba. Da sojoji suka karɓi mulki a ƙarshen shekarar, babur da shinkafar duk suka bi iska, aka ce ya tafi kudu neman abin yi.

Aka sa biki bayan ƙaramar sallah. Lokaci ne na ƙarancin kaya, sai an bi layi ake samun sabulu da madara, don haka Malam Haliru ya ce kada a wahalar da yaro, akwati ɗaya ya isa. A cikin makonnin nan Atika ta riƙa zuwa Shagari wurin gwaggonta Jummai, wai koyon girki. Gaskiyar ita ce ta tuna mijin gwaggon ya taɓa dawowa daga Makka da rediyo mai kaset, kuma a ɗokin sabon abu babu abin da bai naɗa ba. Ta zauna da kwali guda na tsofaffin kaset tana saurare ɗaya bayan ɗaya, wa'azi, kiɗan biki, kukan jarirai, har ta dace.

An ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Haliru, mutanen Bodinga suka cika mota biyu. Tsohuwar nan mai muciya ma ta zo, ta ce ita dama tun farko ta ga yaron da hankali. Aka ci tuwon gero da miyar kuka, aka sha fura, kowa ya ce albarkar bikin ta fi ta masu shinkafa.

Washegarin tarewa da hantsi, Maniru yana shirin leƙa shago, Atika ta tare ƙofa.

"Zauna, angona. Ina da tsaraba."

Ta ɗauko rediyonsa mai kaset, ta saka wani kaset, ta danna. Aka ji shuuu, aka ji kukan akuyar gwaggo Jummai, sai wata murya mai kauri ta cika ɗakin:

"Kai yaro, wa yac ce ka cika tiyar ga? Shahe ta! Hatsina ba na gadon ubanka ba na!"

Maniru ya dafe bango. Bakinsa yana dariya, idonsa yana zubar da hawaye.

A tsakar gida aka ji kwano ya faɗi. Inna Laraba ta taho da gudu ba mayafi, hannunta duk ƙullu.

"Wa yash shigo? Maniru, muryar wa ni ka ji?"

Atika ta kamo hannunta ta zaunar da ita a bakin gado. Su uku suka saurara har kaset ɗin ya ƙare, Sodangi yana ta masifa, matarsa ta gaskiya tana gyaɗa kai tana cewa, "Haka yake, wallahi haka yake yi in shina gwadawa cikin ɗaki."

Da aka yi shiru ta jawo Atika jikinta, ta dafa kanta.

"Ɗiyata, kin maido min abin da nis sallama. Yadda kinka sanyaya min rai, Allah Shi ba ku 'ya'yan da za su sanyaya naku. Allah Shi cika rumbunku, Shi hana maƙiyi shiga tsakaninku."

"Amin, Inna," suka ce tare.

Ta share ido da bayan hannu, ta nuna rediyon da haɓa.

"To maida shi farko. Yau kam babu mai zuwa shago."